Salsalar gidan Boone, daga Devon zuwa Oregon

A shekarar 1788 wani malamin makaranta a Pennsylvania mai suna James Boone ya zauna ya rubuta abin da ya sani game da kakanninsa. Takardar ba ta da tsawo, amma duk wanda ya bi diddigin gidan Boone tun daga wancan lokaci, daga kanta yake farawa. A ciki ya ce kakansa, George Boone na uku, ya rasu a 1744 yana da shekara 78, ya bar 'ya'ya 8, jikoki 52 da tattaɓa-kunne 10 a raye. Da ya haɗa lissafi ya samu mutum 70 cif, sai ya ƙara da cewa adadin ya yi daidai da na iyalan Annabi Yaƙub, alaihis salam, da suka shiga Masar, kamar yadda Baibul ya ƙidaya su.

Cikin jikokin nan 52 akwai wani yaro ɗan shekara 9, Daniel, wanda daga baya sunansa ya cika Amurka a matsayin mafaraucin da ya sare hanya zuwa Kentucky. Albarkacinsa ne aka tona tarihin gidan fiye da na sauran gidaje irinsa. Yawancin iyalan Turawan da suka kutsa bakin dajin Amurka a zamanin mulkin Ingila, abin da ya rage nasu bai wuce suna a takardar haraji ba. Su Boone kuwa an tara musu takardu tuli. Duk da haka salsalar tasu ba ta tafi bai ɗaya ba. Wani wurin ta yi kauri har ana sanin ranar mako da sa'ar da mutum ya cika, wani wurin ta sirance kamar za ta tsinke. Kaurin da sirancin ba su bi darajar mutanen ba. Sun bi wanda ke riƙe da alƙalami a lokacin, da abin da ya sa yake rubutun.

Abin da malam James ya sani

Takardarsa ta fara da George na farko, kuma abin da ya iya faɗa a kansa shi ne an haife shi a Ingila, shi ke nan. George na biyu maƙeri ne a yankin Exeter da ke Devon, matarsa Sarah Uppey. Ita wannan, in ji James, ta kai shekara 80 ba ta taɓa ciwon ƙashi ba, haƙorinta ko ɗaya bai ruɓe ba. Irin wannan magana ba a littafin coci ake samunta ba, a bakin tsofaffin gida ake jinta, kuma tana nuna mana daga inda James ya ɗebo iliminsa. George na uku an haife shi a 1666, masaƙi ne a garin Bradninch, ya auri Mary Maugridge, ya shiga ɗariƙar Quaker.

'Yan Quaker Kiristoci ne da ba su da limamai, ba sa rantsuwa, ba sa yaƙi, ba sa biyan harajin cocin gwamnati, saboda haka sun sha matsi a Ingila. Ɗaya daga cikinsu, William Penn, ya samu izinin kafa Pennsylvania a 1681, ta zama musu mafaka. George ya fara tura manyan 'ya'yansa uku, George na huɗu da Sarah da Squire, wajen 1713 su duba wurin. Shi da sauran iyalin suka bar Bradninch a watan Agusta na 1717, suka shiga jirgin ruwa a Bristol, suka sauka Philadelphia da kaka.

Sama da George na farko babu komai. Amma idan ka leƙa bishiyoyin nasaba da mutane ke lodawa a intanet, za ka ga an ja layi daga wannan gidan maƙera da masaƙa an kai shi ga gidan de Bohun, manyan sarakunan Normandi da suka riƙe sarautar Hereford a tsakiyar zamanai. Hujjar ita ce sunayen sun yi kama a kunne. Babu takardar da ta haɗa su. James, wanda ya tashi cikin 'ya'yan mutumin da ya ƙetaro teku, bai ambaci sarauta ba, sana'ar hannu ya ambata. Ni dai na fi yarda da shi.

Littafin majami'a

Mafi ingancin ɓangaren salsalar ya fito ne daga hannun magatakardan majami'un Quaker. Tunda ba su da limami mai ɗaura aure, ango da amarya ne ke miƙewa a gaban jama'a su furta alkawari, sannan waɗanda suka halarta su sa hannu a takarda. Kowane wata kuma ana zaman duba al'amuran mabiya, a rubuta wanda ya zo, wanda ya ƙaura, wanda ya yi laifi. Daga nan muka san Squire Boone ya auri Sarah Morgan, 'yar wani gidan Quaker daga Wales, a majami'ar Gwynedd a 1720.

A wannan auren ma akwai tarko. 'Yan Quaker ba sa kiran watanni da sunayensu, don suna ganin sunayen na gumaka ne. Lamba suke sawa. Takardar ta ce ranar 23 ga wata na 7. Mai kwafa na yau sai ya rubuta Yuli, alhali kafin 1752 shekarar Ingila a watan Maris take farawa, saboda haka wata na 7 Satumba ne. Shi ya sa har yau ake ganin ranaku biyu na aure ɗaya suna yawo. Haka ranar haihuwar Daniel. An haife shi 22 ga Oktoba 1734 a tsohuwar kalanda. A 1752 Ingila da ƙasashen da take mulka suka koma sabuwa, aka tsallake kwana 11, mutane suka kwanta 2 ga Satumba suka tashi 14 ga wata. A sabon lissafi ranar tasa ta koma 2 ga Nuwamba. Duk biyun daidai ne, muddin an faɗi kalandar da ake nufi. Ko wurin haihuwar ma sai an kula: ana cewa gundumar Berks, amma ba a kafa Berks ba sai 1752. Lokacin da aka haife shi kwarin Oley na ƙarƙashin gundumar Philadelphia, can ne mai neman tsofaffin takardun fili zai nufa.

Squire da Sarah sun haifi 'ya'ya 11, Daniel ne na shida. Squire na saƙa yana ƙira, yana da gona, yana da mutunci a majami'ar Exeter ta Pennsylvania, wadda danginsa na cikin ginshiƙanta. Sai 1742 babbar 'yarsu Sarah ta auri John Wilcockson, wanda ba ɗan ɗariƙa ba ne, kuma aka gano tana da ciki kafin auren. Majami'a ta sa iyayen suka nemi afuwa a bainar jama'a, suka nema. A 1747 babban ɗansu Israel shi ma ya yi aure a waje. Wannan karon Squire ya ƙi neman afuwa, aka kore shi a 1748. Matarsa ba a kore ta ba. A 1750 ya sayar da gonarsa ya kwashi iyali suka yi kudu.

Abin lura shi ne mun san wannan duka don magatakarda na rubuta laifi ne, ba don yana rubuta tarihi ba. Da 'ya'yan sun yi aure yadda aka so, da layi ɗaya ko biyu za mu samu a kansu. Ranar da aka kori Squire kuwa, ranar ce alƙalamin da ya fi kowanne kula ya daina bin gidansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Yan'uwansa da suka zauna a Pennsylvania salsalarsu ta ci gaba a tsare, tasa ta shiga daji.

Cikin waɗanda suka zauna akwai Anne Boone, 'yar ƙanin Squire, wadda ta auri wani maƙwabcinsu Abraham Lincoln a 1760. Mutane da yawa na ganin sunan sai su ɗauka kakan shugaban Amurka ne. Ba shi ba ne. Kakan shugaban, shi ma Abraham, wanda aka kashe a Kentucky a 1786, ɗan ɗan'uwan wannan ne. Dangantakar gidajen biyu ta surukuta ce, shugaban bai fito daga tsatson Boone ta wannan auren ba.

Yadkin: fili, surukai da takwarori

Sun bi babbar hanyar amalanke da ta ratsa kwarin Shenandoah a Virginia, suka yada zango na ɗan lokaci, suka ƙarasa bakin kogin Yadkin a North Carolina. A 1753 Squire ya samu fili mai eka 640 daga ofishin Lord Granville, mai arewacin yankin. Daga nan shaidarmu ta koma takardun fili, na kotu da duwatsun kabari. Dutsen kabarin Squire a maƙabartar Joppa da ke Mocksville ya nuna ya rasu a 1765. Sarah ta bi shi a 1777. Takardar fili kuwa namiji mai dukiya ta sani. Mace ba ta cika fitowa ba sai in za a sayar da fili ana neman yardarta, yara kuma sai in ana rabon gado.

A Yadkin suka tarar da gidan Morgan Bryan, babban gida mai filaye. Daniel ya auri jikarsa Rebecca Bryan ranar 14 ga Agusta 1756. Ƙaninsa Edward ya auri Martha, 'yar'uwar Rebecca. Ƙanwarsa Mary ta auri William Bryan. Wato gidajen biyu sun saƙu har ba ka iya warware ɗaya ba ka taɓa ɗayan ba, kuma tare suka riƙa ƙaura daga baya. Wannan surukuta ta yi tsada lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, domin da yawa cikin 'yan gidan Bryan sun tsaya wa sarkin Ingila, har ɗayansu, Samuel Bryan, ya jagoranci rundunar masu biyayya ga sarki. Zargin da aka riƙa yi wa Daniel cewa zuciyarsa na tare da Ingila yana da saiwa a nan.

Babban ciwon kan mai bincike a wannan zango shi ne suna. A gidajen Hausa idan aka mayar wa yaro sunan kakansa, sai a sakaya a riƙa ce masa Abba ko Baba, a bambanta shi da mai sunan. Su Boone suna maimaita suna ba tare da sakayawa ba, takarda kuma ba ta cika cewa ɗan wane ba ne. George akwai huɗu a jere, ga kuma George ƙanin Daniel. Squire akwai uba, akwai ɗansa ƙanin Daniel, akwai jikansa ɗan Samuel. Israel sunan yayan Daniel ne, sunan ɗansa ne kuma. Sarah ita ce kakar Squire, ita ce 'yar'uwarsa, ita ce matarsa, ita ce 'yarsa. Squire ɗin ma sunan yanka ne, amma da yake a Turanci kalmar laƙabin mai gari ce, wasu sun ɗauka muƙami ne suka shiga neman sunansa na gaskiya. Kurakurai da yawa a bishiyoyin gidan daga haɗa mutum biyu a mayar da su ɗaya suka taso, har ka ga an ba mutum 'ya'yan da aka haifa bayan mutuwarsa.

Kentucky, inda aka fi binnewa a kan rubutawa

Daniel da Rebecca sun haifi 'ya'ya 10: James a 1757, Israel 1759, Susannah 1760, Jemima 1762, Levina 1766, Rebecca 1768, Daniel Morgan 1769, Jesse 1773, William 1775, da Nathan 1781. Ban da su, Rebecca ta riƙe marayun yayan mijinta Israel, wanda tarin fuka ya kashe a 1756. Wannan ma ya rikita wasu masu ƙirga, suka sa 'ya'yan riƙo cikin na ciki.

Ƙasar da suka nufa ba kango ba ce. Kentucky dajin farautar Shawnee da Cherokee ne, ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Sarkin Ingila ya hana Turawa zama yamma da duwatsun Appalachia a 1763. A 1768 ƙabilun Iroquois suka sa hannu suka ba da yankin a yarjejeniyar Fort Stanwix, Shawnee suka ce wanda ba shi da abu ba ya kyauta da shi. Duk jinin da ya zuba a salsalar Boone daga nan, a kan wannan jayayya ya zuba.

Surukin Daniel, John Stewart, mijin ƙanwarsa Hannah, ya ɓace a wajen farauta a 1770. Sai bayan shekara 5 aka ga ƙasusuwa cikin kogon itace tare da ƙahon albarushi mai harufan sunansa. A Oktoba 1773, a yunƙurin farko na kai iyali Kentucky, aka kashe ɗan farinsa James yana da shekara 16 a kwarin Powell, ayarin ya juya baya. A 1775 Richard Henderson na kamfanin Transylvania ya ɗauke shi aiki, ya ja masu gatari kusan 30 suka sare hanya ta mashigar Cumberland, suka kafa Boonesborough. A Yuli 1776 aka sace Jemima da 'yan matan gidan Callaway biyu a bakin kogi, aka bi sawu aka ƙwato su cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikin masu bin sawun, Flanders Callaway, shi ya aure ta. An kashe Edward a 1780. An kashe Israel ɗan Daniel a yaƙin Blue Licks ranar 19 ga Agusta 1782, uban na filin.

Akwai wata nasaba a wannan zango da ba ta shiga kowace bishiya ba. A Fabrairu 1778 Shawnee suka kama Daniel da mutanensa suna dafa gishiri. Al'adarsu ce su ɗauki wanda aka kama su maye gurbin ɗan gida da ya mutu da shi. Shugabansu Blackfish ya ɗauke shi ɗa, aka raɗa masa Sheltowee, wato babban kunkuru. Ya zauna cikinsu watanni, ya gudo a Yuni don ya gargaɗi Boonesborough, ya tarar Rebecca ta kwashe yara ta koma North Carolina tana zaton ya mutu. A Satumba uban riƙon nasa ya yi wa garin ƙawanya bai ci nasara ba. Bayan haka aka gurfanar da Daniel gaban kotun soja bisa zargin haɗa baki, kuma cikin masu ƙarar akwai Richard Callaway, baffan surukinsa. An wanke shi. A idon Shawnee ɗaukar nan dangantaka ce ta gaske mai haƙƙi da wajibi, kuma iyalinsa sun ba da labarin cewa a tsufansa a Missouri yana ziyartar Shawnee da suka koma can. Masu rubuta salsala dai ba su buɗe mata gurbi ba.

Takardun hukuma na wannan lokaci sun yi ƙaranci. Kentucky ta kasance cikin gundumar Fincastle ta Virginia, ta zama gunduma mai zaman kanta a 1776, aka raba ta uku a 1780, ta zama jiha a 1792. Mutum yana zaune a bukka ɗaya, takardunsa na warwatse a kotuna daban-daban. Takardun ƙidayar 1790 da ta 1800 na Kentucky sun salwanta. Ko da sun tsira, ƙidayar Amurka kafin 1850 sunan maigida kaɗai take rubutawa, sauran 'yan gida lamba ce. Abin da ya yawaita shi ne shari'ar fili. Daniel ya yi aikin safiyo, ya yi cinikin filaye, iyakoki suka hau kan juna, masu ƙara suka yi masa caa. A 1780 an sace masa kuɗi kusan dala 20,000, nasa da na amanar mutane, a wani masauki a Virginia. A 1798 aka ba da sammacin kama shi don ya ƙi amsa kiran kotu, a shekarar kuma aka raɗa wa wata gunduma sunansa. Shari'un nan da suka tsiyata shi sun yi wa masu bincike rana, domin shaidu kan faɗi shekarunsu, da lokacin da suka zo, da wanda suka zo tare.

Mutumin da ya bi tsofaffi da littafi

A 1799 Daniel ya bar Amurka ɗungum ya koma Missouri, wadda ke hannun Sifaniya a lokacin. Aka ba shi fili kusan eka 850 da muƙamin alƙalin yankin Femme Osage. Amurka ta sayi ƙasar a 1803, filin ya suɓuce, majalisa ta mayar masa a 1814, ya sayar ya biya bashi. Rebecca ta rasu a 1813, shi kuma ranar 26 ga Satumba 1820 a gidan autansa Nathan. Iyalin sun ce ya taɓa shibta tarihin rayuwarsa, takardun suka nutse da kwale-kwale ya kife a kogin Missouri.

Giɓin nan Lyman Draper ne ya cike shi. Ya ƙarar da rayuwarsa yana bin tsofaffin bakin daji da 'ya'yansu yana rubuta abin da suka tuna. A 1851 ya sauka gidan Nathan da matarsa Olive, ya yi makonni yana yi musu tambayoyi. Ya rasu a 1891 bai gama littafin da ya yi niyya a kan Daniel ba, amma kundayensa, kusan 500, suna ajiye a Madison ta jihar Wisconsin. Littafin salsalar da Hazel Spraker ta wallafa a 1922, wanda har yau shi ne madogarar masu binciken gidan, ya ɗebo da yawa daga wannan taska.

Sai dai a tuna an haifi Nathan a 1781. Kisan James, sace Jemima, zaman Shawnee, duk kafin haihuwarsa ne. Abin da ya ji ya faɗa, yana ɗan shekara 70, kuma ɗa ne mai kare sunan uba. Draper kansa jarumtaka yake nema, tambayoyinsa sun fi karkata ga yaƙi da farauta. Wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, waɗannan a gefe suke shigowa.

Ta wannan ƙofa ta baka ce jita-jitar haihuwar Jemima ta shigo, wai an haife ta bayan doguwar tafiyar uban, wai ɗaya daga cikin 'yan'uwansa ne ya haife ta. Masu ba da labarin sun saɓa a kan wane ɗan'uwa, sun saɓa a kan shekarar, wasu ma a kan wace 'ya. Masana tarihi sun rabu a kai. A ganina mai rubuta salsala ya rubuta cewa an yi maganar, ya faɗi bakin da ta fito, ya bar Jemima inda ubanta ya ajiye ta. Shi ya bi sawu ya ƙwato ta, kuma a gidanta ya yi da yawa daga cikin shekarunsa na ƙarshe.

Ƙofa uku kacal

Dubban Amurkawa na cewa su jikokin Daniel Boone ne. Akwai gwaji mai sauƙi ga masu ɗauke da sunan. Cikin 'ya'yansa maza 6, James ya mutu yana 16, Israel yana 23 bai yi aure ba, William tun yana jariri. Saura uku: Daniel Morgan, Jesse da Nathan. Duk mai sunan Boone da ke iƙirarin ya gangaro ta wajen uba, tilas ya nuna wacce daga cikin ƙofofin nan uku ya fito. Da yawa idan aka bi sai a ga ta wajen Samuel ko George ko Squire ƙarami suka fito, wato dangi ne amma ba tsatsonsa ba. Wasu kuma sunan kawai suka tara da shi. Jikokinsa ta wajen mata sunansu Hays, Callaway, Scholl ko Goe, kuma su ne aka fi mantawa. Gundumar Callaway a Missouri sunan James ɗan Jemima ta ci, wanda aka kashe a 1815.

Ƙofofin uku ba su daina tafiya yamma ba. Daniel Morgan da Nathan sun buɗe wurin dafa gishiri a tsakiyar Missouri wajen 1805, yankin ya ci sunan Boone's Lick. Alphonso ɗan Jesse ya kai iyalinsa Oregon a 1846, suka kafa fito a kogin Willamette wanda ya yi aiki har 1954. Daga George na uku zuwa Alphonso hawa biyar ne, shekara 129 tsakanin saukar Philadelphia da isa gaɓar yamma. Ɗan'uwan Alphonso, Albert Gallatin Boone, yana wakilin gwamnati, shi ya jagoranci yarjejeniyar Fort Wise ta 1861 da ta zaftare ƙasar Cheyenne da Arapaho a Colorado. Wanda ya karanta salsalar a matsayin jerin haihuwa da aure kawai, ba zai ga cewa kowane zango na ƙaurar gidan ƙasar wasu ce ta fita daga hannunsu ba.

Waɗanda aka ƙirga ba a kira sunansu ba

Jikan 'yan Quaker ne, amma zuwa 1787 Daniel na da bayi 7 a Limestone, garin da ake kira Maysville yanzu. 'Ya'yansa sun riƙe bayi a Missouri. Ranar da aka kashe James a 1773 akwai bayi biyu a ayarin, Adam da Charles. Adam ne ya ɓuya a bakin rafi ya ga abin da ya faru, kuma da yawa daga abin da aka sani na wannan safiya daga bakinsa ya fito. Derry Coburn, bawan gidan, shi ne abokin farautar Daniel a tsufansa. Waɗannan mun san sunayensu don sun gifta ta cikin labarin jarumi. Iyayensu, matansu, 'ya'yansu, akasari babu. Ƙidayar 1850 da ta 1860 sun jera bayi ƙarƙashin sunan ubangidansu da shekaru da jinsi da launi, ba suna. Sai 1870 aka fara rubuta su da sunayensu. Baƙar fata Ba'amurke da kakanninsa suka yi bauta a gidan Boone, idan yana neman asalinsa, takardun gado da na cinikin gidan zai bincika, inda aka lissafa su tare da dawakai da kayan ɗaki.

Wannan giɓi ya biyo Daniel har kabari. An binne shi kusa da Rebecca a wata ƙaramar maƙabartar dangi kusa da Marthasville, inda ake binne bayi su ma, kuma an ɗauki shekaru kafin a kafa duwatsu masu suna. A 1845 mutanen Kentucky suka zo suka tone ƙasusuwan biyun suka kai Frankfort, aka sake binnewa da gagarumin biki. Tun daga nan wasu a Missouri ke cewa an tone kabarin da ba shi ba. A 1983 wani masanin ƙasusuwa, David Wolf, ya duba kwafin ƙoƙon kan da aka zuba da farar ƙasa kafin binnewar, ya ce mai yiwuwa na baƙar fata ne. Kwafin ba shi da kyau, hukunci a kan launin mutum daga siffar ƙoƙo kuma ba abin dogaro ba ne sosai, saboda haka maganar ba ta yanke komai ba. Frankfort da Marthasville kowacce na nan tana cewa gawar na wurinta.